Mai Gadi da Ɓaraka

Dungas, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Hadizata ta iso ɗazu daga Damagaram don sunan ɗan yayanta jibi, ko mayafi ba ta cire ba shefinta na wajen aiki ya kira. Wai lojisiyel ɗin, wato manhajar da ke gadin ordinatoci, kwamfutocin ofishinsu, an gano yana da ɓaraka.

Na ce, "Mai gadi kuma da ɓaraka?"

Ta ce, "Inna, kamar tiyar awon gero yake. In ɓarawo ya ɗura masa rubutun da ya fi cikinsa sai ya zube, ta nan ɓarawon zai shige."

Tun magariba tana gindin rumbu, nan kaɗai rezon waya ke kamawa, tana jiran gyaran ɓarakar ya sauko ta intanet. In bai sauko ba, da asuba ɗan kabu-kabu zai ɗauke mini ita a babur, ta koma aiki Damagaram.

Na ɗan gyangyaɗa, sai ga haruffa suna malala daga ƙwarya kamar gero, kajina suna ta tsinta, ga farin wata tas.

Yanzu ta shigo, ƙafafu duk cizon sauro. "Inna, an toshe. Matsa mini."

Rabon da ta kwana a bayana tun tana ƴar lakwal, makarantar boko. Ga numfashinta a wuyana, hannuna ya sage amma ba zan motsa ba.