Sunan da Aka Laƙaba Mana

Daren Talata, watan Rajab 1402, unguwar Ƙurban, Madina

Yau na kai wani Bature musulmi, ɗan Kanada, Masallacin Ƙuba a taksina. Ɗan Faransancin da na taho da shi daga Damagaram ya yi rana. Ya ce zamanin da Faransa ke mulkin ƙasarsu, duk sojan da ya shiga bariki sai a laƙaba masa suna, 'ya'yansa su haɗa da na gidansu. Kakan kakanninsa Fure aka sa masa. Daga baya wasu jikokin suka riƙe Furen, wasu na asalin, har suka daina sanin juna. Yanzu neman su yake yi.

Mu nan Hausawi ake ce mana, 'ya'yan wana a Sudan kuwa Fallata.

Wajen cin abinci na tambayi Usman, babban ɗana, "Kai, yaya sunan kakana?"

Ya amsa da Larabci, "Hausawi, ko?"

Uwarsa ta yi dariya, ni ma na taya ta.

Sunan kakana Mainasara Maƙeri. Ina jin duk Madina ni kaɗai na san haka.