Manhajar da ta kira surukina da sunansa

Bodinga, ranar Asabar

Zuwa ga Yayana Abdulaziz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Ruƙayyatu da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Alhamdulillahi. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi har tana zuwa gaisuwar maƙwabta da ƙafarta. An gama yankan gero, hankalin kowa ya koma fadama. Na kira wayarka har na gaji, aka ce kana can bakin aiki cikin ruwa inda babu sabis, shi ya sa na ba Lawali direban albasa wannan takarda ya kai gidanka a Fatakwal.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma a kan manhajar nan ta kula da abokan ciniki da ka sa aka ɗora mana a ofis ne. Ban ƙi ci gaba ba. Na yarda jadawalin da muke cikewa a kwamfuta ya tsufa, wani lokaci sai na wuni ina neman wanda ya karɓi irin albasa da wanda ke jiran injin ban-ruwa. Amma a cikinsa kowa yana da sunan da muka san shi da shi. Da Maniru, ma'aikacin da ka turo daga Sakkwato, ya zo kwashe bayanan, sai ya ce sabuwar ba ta san Sarkin Noma ko Liman ko Baba na Shagari ba, suna da sunan mahaifi kawai take karɓa, kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa. Na ce masa mutanen nan ba haka ake kiransu ba. Ya yi dariya ya ce haka ake yi ko'ina a duniya. Ya cike abinsa, ya kulle gyara don kada mu ɓata, wai umarninka ne, ya hau mota.

Abin da bai faɗa mini ba shi ne manhajar tana tura saƙon tes da kanta ga duk wanda ya daɗe bai saya ba. Ran Alhamis ta makon jiya ta tura wa Baba na Shagari, mahaifin matata Bahijja. Ka san ba ya karanta boko, sai ya miƙa wayar a karanta masa a majalisa bayan la'asar, gaban mutanen unguwa. Saƙon ya fara da sunansa na yanka, tsirara, ba Alhaji ba Baba, ya ce kwana biyu ba a gan shi ba, ya leƙo ofis. A ƙasa an sa daga Surajo. Ni ke nan. Ni da tun da na auri 'yarsa bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ko takwaransa na gamu da shi sai dai na ce mai sunan Baba. An ce tsohon ya karɓi wayarsa ya shige gida.

Tun ranar, manoman shiyyarsa ko ɗaya bai tako ofis ba, ga shi lokacin yafa iri ne. Wannan ma da sauƙi. Bahijja ta ji labari kafin ni, daga bakin ƙannenta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta ajiye mini abinci ta juya.

Na ɗauki Kawu Ahmad muka tafi Shagari. Na tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure na tsugunna, Kawu ya yi bayani cewa na'ura ce ta rubuta. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai san na'ura ba, bai ba na'ura ɗiya ba, sunan wanda ya ba ita ya ji an karanta. Ya ce wanga karo ya yafe don albarkacin marigayi Babanmu, amma kada kunnensa ya sake ji. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da na dawo na kira Maniru, sai ya ce ai saƙon yana maimaita kansa duk mako biyu har mutum ya zo ya saya, kuma ba mai iya tsayar da shi ko gyara suna sai mai babbar lambar sirri, wato kai. Na ce to in na kashe kwamfutar fa? Ya ce ko na jefa ta rijiya saƙon zai fita, don ba a cikinta yake ba. Ka ji gyaran gangar Auzinawa. Kai kana can kana ganin rahoto mai kyau a waya, ni nake nan ina haɗa ido da mutane a masallaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, da ka tambaye ni kafin ka sa a kulle.

Don girman Allah, da ka sauko tudu ka tsayar da saƙon nan, ko ka turo mini lambar. Na biyun zai fita Alhamis mai zuwa. Bahijja ta buɗe baki jiya, ta ce za ta tafi gida ran Laraba ta riƙe wayar Baba a hannunta, don kada a sake karanta masa. Na ga akwatin da ta haɗa, ya fi na kwana ɗaya. Ban tambaye ta ranar dawowa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Inna tana sa maka albarka. Ka gaishe da Ruƙayyatu, da Khairat, da Umar sarkin ƙiriniya. Allah ya sa takardar nan ta riga Alhamis isa hannunka.

Ƙaninka,
Surajo