Makara Ba Ta Wucewa a Lungunmu

Zuwa ga mai girma wanda ke da ikon tsayar da gini a cikin birnin Kano,

Don Allah, don Annabi, ranka ya daɗe, ka saurare ni yau ɗin nan, kada a ajiye takardar nan sai wani satin. Ranar Asabar aka ce za a zuba kankare. Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jama'a, ya iyali? Ka yafe mini da na sa kuka gaban gaisuwa.

Ban san sunan ofishinka ba. Ni sunana Hauwa, Iya Kulu ake ce mini. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ni nake faɗa, matar ɗan ƙanena take rubutawa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana. A Jakara aka haife ni. Aure ya kai ni Kumasi wurin wani mai fataucin goro, rabona da gida tun rasuwar mahaifinmu, shekara talatin da wani abu. Bana na zo ganin dangi, ƙafa ta kumbura, na ce to, ba na komawa, a nan nake so a rufe ni.

Na farko, kada ka ɗauka ci gaban nake ƙi. Da muka shigo ta Kabuga mota ta nutse da mu ƙarƙashin ƙasa, na kama salati, ashe hanyar ce aka yi haka. Rafin Jakara da muke toshe hanci kafin mu tsallaka, yanzu a kansa motoci suke gudu. Ina ruwan yake bi? Na tambaya, kowa da irin amsarsa. Na ga faifai a kan rufi yana shan rana yana kunna fanka. Na sa an kai ni tsakar gida na daɗe ina kallonsa, ban ga inda wutar take fitowa ba. Duk wannan ya burge ni, wallahi.

Na biyu, ga abin da ya hana ni barci. Talatar da ta wuce Malam Ɗanjuma baduku, maƙwabcinmu, ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ina leƙe daga soro aka fito da shi. Da makara ta kai kwanar lungunmu sai ta tsaya. Ta hannun dama an fito da matakalar shago, ta hagu an kafa kejin ƙarfe na injin wuta. Masu ɗauke da ita suka ja baya, suka karkata, suka ɗaga sama, ta ƙi juyawa. Ƙarshe sai da aka sauke bawan Allah daga makara, aka naɗe shi a tabarma, aka riƙa miƙa shi hannu da hannu kusan a tsaye. Likkafaninsa ya gogi bango. Babban ɗansa ya juya fuska yana kuka, ba kukan rashi kaɗai ba ne. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, haka aka fitar da shi.

Na uku, daidai wannan kwanar wani Alhaji ya sayi kango zai yi bene, shaguna a ƙasa. An haƙa tushe, kuma ramin ya shigo cikin lungu. Na sa an riƙe ni na je na gani. Idan bango ya tashi a nan, tabarmar ma ba za ta juya ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba faɗa nake nema ba. Mutumin kirki ne, ruwan burtsatsensa duk lungun ke sha kyauta. Shi ya sa ɗan ƙanena ya ce in yi shiru, kada in ja a rufe musu famfo, ni da na zo jiya-jiya. Ko yanzu da nake faɗa yana tsaye a bakin ƙofa yana girgiza kai. Tsoro ina ji, ranka ya daɗe. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, ko hoton ɗan sanda na gani gabana faɗuwa yake.

Na huɗu, tambaya ce, don ban sani ba. Na ga masu awo sun zo da igiya da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa ta ciki. Na so a ba ni in leƙa, kunya ta hana ni. Me ake gani a ciki? Ana ganin makara? Ina yarinya, idan mutum zai tayar da katanga a bakin lungu, mai unguwa yakan sa a ɗauko makara daga masallaci babu kowa a ciki, maza su saɓa ta a kafaɗa su zaga kwanar. Inda ta wuce ba ta taɓa komai ba, nan ake aza tubalin farko. Mahaifina da kansa ya taɓa rushe layin tubali guda ya matsa ciki, kuma bai ji haushi ba. Da na ba da labarin nan matasan gidan dariya suka yi. Wani jikana na wajen ƙanena ya ce, "Tsohuwa, ke da ba ki da nauyi, ta katanga za mu miƙa ki." Na zage shi, muka yi dariya. Amma da na kwanta maganar ta dawo mini. Na baro 'ya'yana da kabarin mijina a wata ƙasa don in fita ta ƙofar da aka fitar da uwata, a kwance, a rufe, da mutuncina.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A dakatar da kankaren nan. A turo wakilinka, a kira mai unguwa da liman da Alhajin, a ɗauko makara a gwada a gaban kowa. In ta wuce, na yi shiru, in je in ba shi haƙuri da bakina. In ba ta wuce ba, a matsa da bangon, a rage matakalar, a sake wa injin wuri. Kuma don girman Allah kada a taɓa ruwan mutane saboda maganata.

Allah Ya ja zamaninka, Ya raba ka da masu yi maka ƙarya, Ya sa ranar da za a fito da kai hanya ta buɗe maka. Wassalam.

Taka, Iya Kulu, Jakara.

A dakata, kada a naɗe takardar tukuna. Kafin a kai ta ofis, kafin a sa ta a waya mutane su gani, a fara karanta wa Yaya Mairo, mahaifiyar Alhajin. Tare muka yi gaɗa da ita. Ta ƙi binsa sabon gidansa na bayan gari, tana nan kwance a gidan ƙarshe na lungun nan, ta girme ni, kuma babu wanda ya gaya mata inda bangon ɗanta zai tsaya.