Garkarki ta Bayan Ɗaki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, na zo miki da labarin garkarki ta bayan ɗaki, a gidanmu na Ƙofar Kuyambana.

Inna, babu ita yanzu.

Kin tuna yadda kike jan ruwa a rijiya bayan la'asar, ki bi lalle da rumman da zogale kina shayar da su, Baba yana kan buzunsa a gindin lemun tsami yana karatu. Maƙwabta ba sa sayen zogale, aike kawai suke yi. Idan mun hau tsinkar rumman kikan ce mu bar wa tsuntsaye na sama.

Bayan rasuwarki Yaya Sani ya tashi aure, Bala ma ya biyo baya. Babu fili a cikin ganuwa, haya a Gyallesu kuma ta fi ƙarfinsu. Baba da bakinsa ya ce su gina a garkar. Ban ga laifin kowa ba, amma ranar da masu gatari suka shigo, gidan Gwaggo na tafi na wuni. Aka cike rijiyar, aka malala siminti.

Lokacin idon Baba ya riga ya tafi. Duk da haka, kullum da la'asar sai ya ce in kai shi garka. In shimfiɗa masa buzu a jikin bangon ɗakin Bala, daidai inda lemun yake a da, zafin siminti yana dukan bayansa.

Wata rana ya tambayi dalilin da ya sa ba ya jin kukan kurciya. Na faɗa masa an sare rimin bakin layi, gidan Malam Iro ma an mai da garkarsu shaguna.

“Da can in na ji ƙamshin furen lemun nan, sai in ji kamar tana kusa,” in ji shi. “Yanzu ban san inda zan juya fuskata ba.”

Tun ranar bai ƙara cewa in fitar da shi ba. Abincinsa ya ragu, maganarsa ma. Ina jin tsoro, Inna, kuma ban san wa zan gaya wa ba sai ke.

Allah Ya jiƙanki, Ya zaunar da ke a inuwar da ba a sarewa, Ya sanyaya zuciyar Baba.

'Yarki mai kewarki,
Binta