Tauraro Huɗu a Ƙofarmu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya yara? Ni ƙalau nake, gwiwa ce kawai ke ɗan ƙorafi saboda yawan durƙuso. Kada Inna ta ji.

Albishirinki! A nan taurari ake ba makarantun renon yara, a manna a ƙofa, iyaye su duba kafin su kawo ɗa. Namu biyu ne, shugabarmu ta ce in ba su ƙaru ba, ajina za a rufe.

Ranar da mai dubawa ta zo, wata 'yar shekara uku ta ƙi sa takalmi, tana ta ihu. Na durƙusa na ce, "Hajiya, gwada ɗaya, in bai yi ba ki bar shi." Ta sa. Na ce, "Ai ba ma sayar da ƙafa ɗaya." Ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙo ɗayar.

Matar ta tambayi inda na koyi wannan. Na ce shekara tara na yi ina karatunsa. Ban ce a rumfar takalman Baba ba.

Huɗu aka ba mu, ajina ya tsira! Ranar Litinin ma ni zan koya wa malamanmu masu digiri wannan dabarar. Inna ta sa mini albarka.

Ƙanwarki.