Labulen da Na Ɗinka da Kayan Sallarmu

Zuwa ga maigidana, sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata a tsakiyar bazara, Mahadi!

Ka ga, na rubuta sunanka. Bakina bai taɓa iya furta shi a gabanka ba, amma alƙalami ba shi da kunya. Assalamu alaikum. Ina fatan Malam Ummaru direba zai danƙa maka wannan takarda hannu da hannu, tunda waya ta ƙi shiga 'Yankuzo tun ranar da ka koma yankan dawa.

Yaya kake kwana? Me kake ci? Wa ke ɗebo maka ruwan alwala? Kullum sai labari ya iso Gusau daga wajen Tsafe: an tare hanya, an kwashi mutane a gona, an kora shanu daji. Duk wanda ya buɗe baki zai ba da labari, sai in tsaya kamar kazar da ta ga inuwar shaho, ina jira in ji ko za a ambaci garinmu. Haba masoyina! Wace irin dawa ce wannan da ta fi ni daraja?

Gidan hayar da ka ajiye mu, ni da mahaifiyarka Inna Kulu, har kwanan baya tsirara yake. Bango ba komai, ƙofa ba labule, duk mai wucewa sai ya ga tsakar ɗakina. Zaman banza da tunani suka nemi zautar da ni, shi ne na kwance ƙunshin nan da muka gudo da shi. Ka san abin da ke ciki? Tsofaffin kayan sallarmu. Atamfata koriya mai zanen ganye, leshin da ya yi mini kaɗan, da shaddarka ruwan bula wadda salansar babur ta ƙone wa gefe har ka daina sawa.

Da na ɗaga shaddar nan, wallahi sai da na zauna. Ka tuna Babbar Sallarmu ta farko, wadda ta faɗo cikin damina? Ka goya ni a babur za mu gaida iyayena a Karakkai, hadari ya kece mana dab da Bungudu. Muka raɓe gindin wata tsamiya, ka yaye hannun rigarka ka lulluɓe ni kamar yadda kurciya ke rufe ƙwanta. Atamfata ta zuba, koren ya ɓata maka kafaɗa, na kama kuka, kai kuma kana dariya kana cewa ai yanzu kowa ya gan ka ya san kana da mai shi. Tabon yana nan, farin watana. Wanki bai fitar da shi ba.

Keken ɗinkina yana can inda muka baro shi, don haka allura da zare na ɗauka. Na tsaga atamfar da shaddar dogo-dogo, na jera su, nawa ɗaya naka ɗaya, na haɗa labule. Inda tabon yake na sa shi daidai tsayin idona. Leshin na yi rigunan filo da shi. Aikin wuyan rigarka kuwa ban yarda almakashi ya ratsa shi ba. Na cire shi ɗungurungum, na ɗame shi a jikin kwali, na rataye a bango saitin gado. Yatsuna duk sun huje, amma kowane sukan allura da addu'a na yi shi.

Ina cikin kalmasa bakin labulen Inna ta shigo. Ta dubi ƙyallayen da ke ƙasa, ta dubi bango, ta dafe ƙirji ta ce, "Mi kinka yi wa rigar yaron ga? Kayan mamaci ake rabawa, Muzdalifa! An gaya miki wani abu ne kike ɓoye mini?" Na rantse mata ban ji komai ba. Ba ta saurare ni ba. Ta koma ɗakinta, ta daina cin tuwona, gaisuwa ma da ka take amsawa. Ni kuma maganarta ta shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa. Sai na dubi wuyan rigar nan a bango, ba kai a cikinsa, tsoro ya rufe ni. Shin ado na yi wa ɗakinmu, ko mugun fata na rataye da hannuna?

Ana cikin haka Yaya Bashiru ya zo daga Karakkai da saƙon Baba: in haɗa kayana in koma gida har ƙura ta lafa, tunda babu wanda ya san ranar dawowarka. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka ba Baba haƙuri. A nan ya bar ni, a nan zai same ni. Kuma idan na tafi, wa zai dubi Inna?" Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya tafi ransa a ɓace. Ban taɓa musa wa Baba ba sai a kanka.

Ashe Inna tana jin mu. Washegari da hantsi ta shigo da wani tsohon zane na saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda ban taɓa gani ba. Ta ce shi ta ɗaura ranar Sallar shekarar da ta haife ka, da shi kuma ta goya ka zuwa idi. Ta miƙo mini almakashi da kanta ta ce, "Yanka, ki sa shi bakin labulen. In ya ɗaga zai shigo, ni zai fara taɓawa." Ta riƙe mini gefe ɗaya har na gama. Hawaye kawai muke yi.

To ka ji, hasken gidana. Mata biyu ne zaune a bayan labule ɗaya, duk motsin iska sai mu ɗaga kai tare. Don girman Allah ka bar dawar nan! Tsuntsaye su ci, gara ta ci, duk mai so ya kwasa. Zan sha kunu ba sukari, zan yi ɗinkin hannu in sayar har idona ya dushe, ba zan taɓa tambayarka dami nawa ka samu ba. Ka biyo Malam Ummaru, ka zo hannu rabbana. Kai kaɗai muke so a kawo mana daga gonar nan.

Taka a yau, taka a gobe, taka har ranar da za a naɗe ni a farin da ba a yi masa ado,

Muzdalifa
Gusau