Rigar Sanyin da Ba Ta da Rasit

4 ga Maris

Zuwa ga Mista Orville Tackett,

Bayan gaisuwa, da fatan jiki yana sauƙi. Sunana Renita Goolsby, ni ke riƙe da takardunka a ofishin diyya na jiha, kan sukar wuƙar da ɗan fashi ya yi maka a gidan mai. An amince da kuɗin asibiti. Saura layi na tara na takardar neman diyyar: rigar sanyinka da 'yan sanda suka riƙe don shaida. Ka turo rasit, ko ka rubuta kuɗinta ka sa hannu. Tufar da jini ya ɓata ƙona ta ake yi bayan shari'a, shi ya sa muke biya.

Ka huta lafiya,
R. Goolsby

Harlan, 11 ga Maris

Misis Goolsby,

Ina gaisuwa. Jiki da sauƙi, sai dai dariya ce ba na iyawa, ɗinkin ja na yake yi.

Rasit kuma? Kantin da ya yi rigar nan ya rufe shekara uku ke nan, yana kwance a maƙabartar bayan cocinmu. Marigayiya matata Loretta ce ta saƙa ta. Hannun hagu ya fi na dama tsawo, na yi ta tsokanarta, ta ce ai ni ne a karkace. Ta ninka ulun a ƙirji saboda tarin da na kwaso a ramin kwal. Likita ya ce kaurin nan ne ya rage wa wuƙar ƙarfi.

Ba zan sa hannu ba. Tun da na karanta kalmar ƙonawa abinci ya ƙi shiga. Ku riƙe kuɗin, ku ba ni rigata.

Naki,
Orville

2 ga Oktoba

Mista Orville,

Gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri da shiruna, ba na son yin alkawarin da ba a hannuna yake ba. Sai da aka yanke hukunci, sannan na nemi sa hannun lauyan gwamnati da na mai ajiyar kayan shaida domin a ba ni rigar. Sau huɗu ina zuwa, har mai ajiyar ya fara ɓuya in ya hango ni.

Ga ta nan a kwali. Ni na wanke ta da hannuna, da ruwan sanyi. Tabon bai fita duka ba. Na so in ɗinke hujin, sai na ga ba hurumina ba ne.

Har yanzu layi na tara babu komai. Me zan rubuta?

Taka,
Renita

9 ga Oktoba

'Yata Renita,

Ta iso, tana jikina yanzu. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na ɗauko tsinken saƙar Loretta da ragowar ulunta ina koyon toshe hujin. Aikin ya yi muni, da tana nan da ta rama tsokana.

A layi na tara ki rubuta: an biya.

Allah ya yi miki albarka,
Orville